Daga igiyar awon tamowa zuwa ƙoƙon kan Toumaï: inda kalmar "mutum" ta Girkawa ta shiga rayuwarmu

A kusan kowace cibiyar kiwon lafiya ta CSI, daga Madarunfa har Magarya, akwai ranar awon yara. Ana ɗora jariri a sikeli, a kwantar da shi a kan allo a ɗauki tsawonsa, sannan a zagaya wata ƴar igiyar roba mai launi uku a damtsensa. A rajistar da jami'in lafiya ke cikewa, sunan wannan aiki da Faransanci shi ne "mesures anthropométriques". Uwar yaron ba ta taɓa jin kalmar ba. Sau da yawa shi ma jami'in haddace ta ya yi a makarantar koyon aikin jinya, ba a fasa masa ita ba. Alhali idan aka fasa ta, ba komai ciki sai abin da matan ke faɗa tun daga gida: awon mutum.

Kalmar gida biyu ce. "Anthropos" a tsohon harshen Girka yana nufin mutum, "metron" kuma ma'auni. Wannan "anthropos" ɗin ya bazu cikin harshen likitoci da masana kimiyya fiye da yadda ake zato, kuma wanda ya riƙe shi kamar ya samu mabuɗi ɗaya ne mai buɗe ɗakuna da yawa.

Girkawa suna da wata kalmar daban ta namiji, "aner" ko "andros", da ta mace, "gyne", wadda ta ba mu "gynécologue", likitan mata. Yaro kuma "pais", tushen "pédiatre". Shi "anthropos" ya haɗa kowa, mace da namiji, yaro da babba, daidai da yadda Bahaushe ke amfani da "mutum" ko "ɗan Adam". Kuma abin da Girkanci ya yi da kalmarsa ba baƙon abu ba ne gare mu. Daga "mutum" muka sami mutunci, da mutuntaka, da mutuntawa, da mutum-mutumi. Bambancin kawai shi ne su nasu kalmomin an kai su jami'a da asibiti, namu an bar su a zaure.

Awon da aka taɓa yi don ƙasƙanta mutum

Wani likita Bajamushe mai suna Johann Elsholtz ne ya sa wa littafinsa suna "Anthropometria" a shekara ta 1654. Amma sai a ƙarni na 19 awon jikin mutum ya zama babban fage. Masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da dabarar raba nauyin mutum da tsawonsa da aka ninka sau kansa. Wannan lissafi ne a yau ake kira IMC a asibitocinmu: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 25 ƙiba ta fara, daga 30 kuma ta zama matsala.

A birnin Paris, wani ma'aikacin ƴan sanda, Alphonse Bertillon, ya shigo da awon cikin aikin tsaro a farkon shekarun 1880. Ana auna tsawon kan wanda aka kama da faɗinsa, da yatsansa na tsakiya, da ƙafarsa, da kunnensa, a ajiye a kati, ta yadda ko ya canza suna za a gane shi in ya dawo. Daga baya zanen yatsa ya ture wannan tsari.

Sai ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye. A wannan zamanin ne malaman Turai suka yi ta auna ƙoƙon kan mutane, da hancinsu, da laɓɓansu, suna jera launin fata hawa-hawa, Bature a sama, baƙar fata a ƙasa. Likitocin soja da jami'an mulkin mallaka sun ɗauki irin waɗannan ma'aunai sun shiga da su ƙasashen Afirka. An cika littattafai da alƙaluma, kuma alƙaluman sun ba wa raini kamannin ilimi. Wanda ya tunkari abin a cikin gidansu shi ne Anténor Firmin, baƙar fata ɗan ƙasar Haiti, mamba a ƙungiyar masana ilimin ɗan Adam ta Paris wadda Paul Broca ya kafa a 1859. A 1885 Firmin ya wallafa littafi kan daidaiton jinsunan mutane, yana bin alƙaluman nasu ɗaya bayan ɗaya yana nuna ba su tabbatar da komai ba. Ba a kula shi ba a lokacin. Kimiyyar yau shi ta ba gaskiya.

Abin sha'awa, awon ne da kansa ya ƙara tabbatar da maganar Firmin. Tsakanin 1997 da 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bi girman yara sama da 8,000 a ƙasashe shida: Brazil, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. Ta zaɓi yaran da ake shayar da su nono, masu samun abinci da kulawa. Ta tarar cewa ɗan Accra da ɗan Oslo kusan girma iri ɗaya suke yi a shekarunsu biyar na farko. Daga wannan bincike aka fitar da ma'aunin girman yara na 2006, wanda shi ne a cikin takardar awon da ke hannun mata a yau. Ma'anar wannan a fili take. Idan yaron Tasawa ko na Tanut ya gaza tsawon sa'anninsa, ba "haka irinmu yake" ba ne. Abinci ne, ko yawan cuta, ko ruwan sha.

Igiyar da aka miƙa wa uwaye

A cikin duk kayan awon, mafi arha ita ce igiyar damtse, wadda likitoci ke kira PB, wasu kuma "bandelette de Shakir", da sunan likitan Iraƙi da ya yaɗa amfani da ita a shekarun 1970. Ana amfani da ita ga yara daga wata 6 zuwa wata 59. Idan ta tsaya a kore, wato milimita 125 ko fiye, yaro yana lafiya ta wannan fuska. Rawaya, daga 115 zuwa 124, tamowa ce matsakaiciya. Ja, ƙasa da 115, tamowa ce mai tsanani, kuma a tafi likita a ranar. Haka ma idan ƙafafu biyu suka kumbura, aka danna wurin ya lotsa bai taso ba, ko da igiyar ta nuna kore.

Mutanen Maraɗi ba sa bukatar a tuna musu da 2005. A wannan shekarar ƙungiyar likitocin MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Darasin da aka koya shi ne yawancin yaran da ke mutuwa a makare ake kawo su. Jami'in lafiya ko ɗan sa-kai na ƙauye ba zai iya zagaya kowane gida kowane mako ba.

Daga nan ƙungiyar ALIMA da takwararta ta gida BEFEN suka gwada wani abu a yankin Mirriya na jahar Damagaram: suka ba uwaye igiyar, suka nuna musu yadda ake ɗaura ta, da harshen da suke ji. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna matan, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, suna rarrabe launin daidai da yadda ƴan sa-kan da aka horar suke yi. Wani gwaji mafi girma da aka yi a yankunan Dogo da Takyeta, aka wallafa a 2016, ya nuna a inda uwaye ke awon ana kawo yara da wuri, kuma waɗanda ke bukatar a kwantar da su sun fi ƙaranci. Yanzu wannan dabara ta bazu a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Matar Mirriya da ke ɗaura igiya a hannun ɗanta "anthropométrie" take yi, ba ragi. Abin da ya daɗe yana tsakaninta da wannan aiki ba wuyarsa ba ce.

Sauron da ke "son mutum"

"Philos" a Girkanci so ne ko ƙauna. Idan aka haɗa shi da "anthropos" ta wata fuska a sami "philanthrope", mai son mutane, mai taimako, irin sunan da ake ba attajiran da ke gina asibiti. Kishiyarsa "misanthrope", mai ƙin mutane, sunan wasan kwaikwayon Molière na 1666 da ƴan lise suka sani. Amma idan aka juya kalmar ta zama "anthropophile", soyayyar ta koma ta kura da akuya.

Masu binciken ƙwari suna amfani da ita ga sauron da ya fi son jinin mutum a kan na dabba. Sauro iri-iri ne, da yawansu shanu da awaki da tsuntsaye suke cizo, waɗannan su ne "zoophile". Amma manyan masu yaɗa zazzaɓin cizon sauro a yankinmu, irin su Anopheles gambiae da Anopheles funestus, mutum suke nema, ko da garke na kusa. Macen ce ke cizo, tana bin numfashin da muke fitarwa da warin fatarmu. Wani mai bincike ɗan ƙasar Holan, Bart Knols, ya nuna a shekarun 1990 cewa warin ƙafa na jan ta sosai, har ta kan ruɗe ta bi wani cuku mai wari na Turai da ake kira Limburger, saboda ƙwayoyin da ke sa shi wari dangin na ƙafa ne.

Wannan hali nata shi ya sa cutar ta fi tsanani a Afirka. Kafin sauro ya yaɗa ta sai ya ciji mutum sau biyu, ya ɗauka a jikin wani, bayan kwana goma ko fiye ya zuba a jikin wani. Sauron da rabin cizonsa kan saniya yake ƙarewa ba ya yaɗa ta da ƙarfi. Wanda duk cizonsa kan mutum ne, cikin ɗaki, da tsakar dare, shi ne bala'i. Amma nan ne kuma lagonsa yake, domin inda yake zuwa an san shi. Gidan sauro mai magani tarko ne, mai barci a ciki shi ne abin da ke jawo shi. Akwai wani ɗan'uwansu, Anopheles arabiensis, da ke da yawa a busassun wurare irin namu, wanda bai da zaɓi sosai, yana cizon mutum yana cizon dabba, a ciki da waje. Shi ya sa gidan sauro kaɗai ba ya gama aikin, ake haɗawa da maganin riga-kafin da ake raba wa yara a watannin damina.

Kalmar tana aiki ga makero ma. Ƙwayoyin da suka fi kawo shi a kan ƴan makaranta a Afirka ta Yamma na mutum ne, daga kai zuwa kai suke tafiya, ta aska, da mataji, da hula, da matashin kai. Idan likita ya san irin na mutum ne, a gida da makaranta da wurin wanzami zai nemi tushen, ba a jikin kyanwa ba.

Cutar da ba ta da mafaka sai mutum

"Nosos" cuta ce. "Zoonose" cutar da ke zaune a jikin dabba tana tsallakowa ga mutum, kamar haukan kare, ko zazzaɓin Rift da ya ɓulla a yankin Cintabaradan da Tasara na jahar Tawa a 2016, ya kashe dabbobi da makiyaya. "Anthroponose" kuma cutar da mutum ne kaɗai gidanta.

Wannan bambanci shi ke faɗa ko za a iya kawar da cuta daga duniya baki ɗaya. Agana ba ta da wurin ɓuya sai jikin mutum. Da aka yi wa isassun mutane lamba, aka kewaye duk inda ta ɓulla, sai ta rasa inda za ta sa kanta. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a cikin jama'a an same shi a Somaliya a 1977, OMS kuma ta sanar da ƙarshenta a 1980. Dattawan da ke da zanzana a fuska su ne shaida ta ƙarshe. Shan-inna ma haka take, shi ya sa ake bi gida-gida da ɗigon baki ba gajiya. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, ko da yake wani nau'i da ke rikiɗa daga ta ɗigon bakin yana ɓulla inda yara da yawa ba su samu ɗigon ba. Ƙyanda ma ta mutum ce kaɗai. Haka ƙwayar sanƙarau da ke tashi da zafin bazara, a maƙogwaron mutane take zaune, da yawansu lafiyarsu ƙalau ba su san suna ɗauke da ita ba.

Haukan kare kuwa, ko an yi wa duk ɗan Adam allura, yana nan a jikin karnuka da namun daji.

Kurkunu ya koya wa masana kada su cika baki. Shekara da shekaru ana ɗaukarsa cutar mutum zalla, kuma a kan haka aka gina yaƙin da aka yi da shi, da tace ruwa da hana mai ciwon shiga tafki. Nijar ta samu shaidar rabuwa da shi a 2013. Amma daga 2012 aka fara ganin tsutsar a jikin karnuka a Chadi, a ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari. Sai aka koma ɗaure karnuka da binne kayan cikin kifi. Sauya gurbin cuta daga kalma ɗaya zuwa wata ya sauya aikin dubban ma'aikata.

Gargaɗi ɗaya ga ɗalibai: "anthrax" ba ƴar wannan gida ba ce, kama ce kawai. Ma'anarta a Girkanci gawayi, saboda baƙin gyambon da take fitarwa a fata, shi ya sa Faransawa ke kiran cutar "charbon". Kuma ta dabbobi ce, daga mushe da fatu ake ɗaukarta.

Abin da hannun mutum ya jawo

Duk wanda ya taɓa buɗe rahoton ma'aikatar gandun daji ya ga "pression anthropique". Ba wani abu ake nufi ba illa nauyin da mutane suka ɗora wa ƙasa: saran itace, faɗaɗa gonaki, kiwo fiye da kima. "Anthropique" ko "anthropogène" abin da mutum ya haddasa ne, ba wanda ya zo da kansa ba. A rahotonsa na watan Agusta 2021, kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, GIEC, ya ce babu sauran shakka cewa ayyukan mutane ne suka ɗumama duniya. Tun a shekara ta 2000 masanin nan Paul Crutzen, wanda ya ci kyautar Nobel, ya ba da shawarar a kira zamaninmu "Anthropocène", zamanin mutum. Masana duwatsu sun ƙi amincewa da sunan a hukumance a ƙuri'ar da suka kaɗa a 2024, amma kalmar ta riga ta shiga bakin jama'a.

A nan kalmar tana da ɗan rashin adalci. Ta ce "mutum", kamar kowa ya yi laifi daidai. Hayaƙin da manomin Dakwaro ke fitarwa a shekara bai kai ko kusa da na mazaunin Amurka ko Turai ba, amma shi fari da ambaliya ke fara samu.

Kuma hannun mutum ba ɓarna kaɗai yake yi ba. Daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna gyara shi maimakon sarewa, abin da ake kira sassaben zamani. Masu nazarin hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta cewa gawo da kalgo da sabara da sauransu sun dawo a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5. Wannan ma "anthropique" ne, ko da yake ba safai rahotanni ke kiransa haka ba.

Mutumin Sahel

Akwai sunan kimiyya guda da ya haɗa kalmar Girkawa da sunan yankinmu. A ranar 19 ga Yuli 2001, a hamadar Jurab da ke arewacin Chadi, wani matashi ɗan ƙasar, Ahounta Djimdoumalbaye, da ke cikin ayarin binciken Farfesa Michel Brunet, ya tsinci wani ƙoƙon kai a cikin rairayi. Masana suka ƙiyasta shekarunsa da kusan miliyan 7, suka sa masa suna Sahelanthropus tchadensis, wato mutumin Sahel na Chadi. A gida ana kiransa Toumaï, suna a harshen Gorane mai nufin fatan rayuwa. Har yau masanan suna jayayya a junansu ko da ƙafa biyu yake tafiya, da ko ya cancanci "anthropos" ɗin da aka liƙa masa. Sunan da masani ya sa ra'ayinsa ne, ba hukunci ba. A Ingila an taɓa sa wa wasu ƙasusuwa suna Eoanthropus a 1912, sai a 1953 aka gano ƙoƙon kan mutum ne wani ya haɗa da muƙamuƙin biri ya yaudari malamai shekara 40.

Wane suna za mu ba su?

Uwar waɗannan kalmomi duka ita ce "anthropologie", nazarin ɗan Adam, jikinsa da al'adunsa da zamansa. A Yamai akwai cibiyar LASDEL, da aka kafa a 2001, wadda ta yi suna a wannan fage. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Jean-Pierre Olivier de Sardan, shi da Yannick Jaffré sun jagoranci wani bincike da aka wallafa a 2003 kan mu'amalar ma'aikatan lafiya da marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Cikin abubuwan da suka tarar akwai gajeriyar ganawa, da rashin bayani, da majinyacin da ke fita da takardar magani bai san abin da ke damunsa ba. Harshe ba shi kaɗai ne dalili ba, amma yana ciki.

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, tambayar ta tashi daga hirar malamai ta zama aiki. Wasu kalmomin ba su da wuya. "Anthropométrie" awon jiki ne, kuma mata sun riga sun raɗa masa suna. "Anthropophile" a ce mai bin mutum. "Anthroponose" cutar mutum zalla, "zoonose" cutar da ake ɗauka daga dabba. "Anthropique" jawowar ɗan Adam. Aron kalmar kamar yadda take, a ce "antiropometiri", ba laifi ba ne, Hausa ta ari likita da asibiti ta zauna lafiya, amma aron da ba ya faɗa wa mai sauraro komai bai rage tazarar ba.

Wadda ta fi wuya ita ce uwar tasu. A gidajen rediyo, idan aka gayyato masanin "anthropologie" a ce masanin halayyar ɗan Adam. Idan aka gayyato na "sociologie" a ce masanin halayyar ɗan Adam. Idan na "psychologie" ne, shi ma haka. Fannoni uku ne daban, kowane da malamansa da digirinsa a jami'a, ɗaya kuma a cikinsu har asibiti yake aiki yana ganin marasa lafiya. Mahaifin da ya ji an ce a kai ɗansa wurin masanin halayyar ɗan Adam, a halin da ake ciki, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.